Majami'u da yawa, ikilisiya ɗaya: me ya kamata ya haɗa su a cikin mako?

Wani ɗan'uwa ya rubuto cewa an sa shi cikin kwamitin da zai tsara ayyukan mako na gundumarsu, wadda ta ƙunshi majami'u da dama, wasu manya, wasu kuma ba su kai mutum talatin ba. Kwamitin ya rabu biyu. Wasu sun ce tunda ikilisiya ɗaya ce, dole kowace majami'a ta fara sujada lokaci guda, ta rera waƙoƙi iri ɗaya, ta yi taron addu'a rana ɗaya. Wasu kuma sun ce a bar kowa ya yi yadda ya ga ya dace, a riƙa haɗuwa a babban taron shekara. Yana tambaya wane ɓangare ne ke da gaskiya, kuma me ya sa tarurrukan tsakiyar mako suke ta mutuwa.

Ɗan'uwa, sannu da ɗawainiya. Na daɗe ina hidima a tsakanin majami'u irin naku, ina kuma koyar da tarihin ikilisiya, saboda haka gardamar nan ba baƙuwa ba ce a kunnena. A ganina ɓangarorin biyu sun kama abin da bai isa ya riƙe ikilisiya ba. Majami'u goma za su iya fara sujada ƙarfe tara daidai, su buɗe lamba ɗaya a littafin waƙoƙi, amma babu wadda ta san an yi rasuwa a 'yar'uwarta. Masu cewa a bar kowa sai taron shekara kuwa, ba za a daɗe ba za su tarar sunan ikilisiyar da allon bakin ƙofa ne kaɗai suka rage musu na haɗin kai. Masu iya magana sun ce zumunta a ƙafa take. Tambayar da nake so kwamitinku ya zauna a kanta ita ce: a cikin kwana bakwai, me yake fita daga wannan majami'a ya shiga waccan?

Mu fara da Lahadin kanta. Cikakken bayani mafi daɗewa da muke da shi na sujadar Lahadi ya fito ne daga Yustin Shahidi, wanda ya yi rubutu a birnin Roma wajen shekara ta 155. Ya ce a wannan rana masu bi na cikin gari da na karkara sukan taru wuri ɗaya. A karanta rubuce-rubucen manzanni ko na annabawa gwargwadon yadda lokaci ya ba da dama, shugaban taro ya yi gargaɗi a kan abin da aka karanta, kowa ya miƙe a yi addu'a tare, a kawo gurasa da ruwan inabi da ruwa, shugaba ya yi godiya, jama'a su amsa da Amin, sannan a raba. Wannan shi ne ƙashin bayan sujada har yau a ɗarikoki da yawa, ko da yake ba duka ne suke cin Jibin Ubangiji kowace Lahadi ba. Amma Yustin bai tsaya nan ba. Ya ce masu hidima sukan ɗauki rabon waɗanda ba su samu zuwa ba su kai musu, baikon da aka tara kuma a ajiye shi wurin shugaba domin marayu da gwauraye da marasa lafiya da 'yan kurkuku da baƙi. Tun a wancan zamani, akwai abin da yake fita ta ƙofa bayan an tashi.

Da masu bi suka yi yawa a Roma har wuri ɗaya ya kasa ɗaukarsu, sai aka samu majami'u a unguwa-unguwa, kowace da limaminta. Matsalarku ke nan sak. A wata wasiƙa ta shekara ta 416, bishop na Roma, Innocent na Ɗaya, ya bayyana wa bishop na garin Gubbio a Italiya yadda suke yi: kowace Lahadi yakan aika da gutsuren gurasar Jibin Ubangiji da ya keɓe, ta hannun masu hidima, zuwa ga limaman majami'un cikin birni, don kada su ji an raba su da tarayya da shi a wannan rana. Ba cewa nake ku farfaɗo da wannan ba, domin shi kansa ya ce bai dace a kai ta nesa zuwa karkara ba. Abin da ya ja hankalina shi ne, da suka so nuna cewa su ɗaya ne, mutum suka tura ya taka da ƙafarsa a ranar.

Game da bambancin tsari kuwa, magabata ba su tsorace shi ba. Monika, mahaifiyar Agustin (wanda daga baya ya zama sanannen malamin ikilisiya), da ta bi ɗanta zuwa birnin Milan ta tarar ba a azumi ran Asabar a can, alhali a Roma ana yi. Abin ya dame ta, sai Agustin ya tambayi bishop Ambros. Ambros ya ce shi ma in yana Roma yakan yi azumin, in yana Milan ba ya yi, kuma duk ikilisiyar da mutum ya je ya bi yadda take yi don kada ya zama abin tuntuɓe. Agustin ya riƙe wannan ƙa'ida ce: abin da bai saɓa wa bangaskiya ko halin kirki ba, a bar wa kowane wuri nasa.

Saboda haka hukuncina shi ne, ku bar wa kowace majami'a lokacin farawa, da zaɓin waƙoƙi, da harshen da za a yi wa'azi da shi, da ranar taron addu'a. Majami'ar da yawancin mutanenta ma'aikatan dare ne ba za ta bi agogon majami'ar manoma ba, kuma tilasta musu zai kori mutane ne kawai. Abin da ba a bar wa kowa ba shi ne koyarwa, da sharaɗin baftisma, da wanda aka ba izinin ba da Jibin Ubangiji, da zancen aure, da horo. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. In dattawa suka sa mutum a ƙarƙashin horo a majami'a ɗaya, ya zame ya koma ta kusa aka ba shi hidima ba tare da tambaya ba, to an karya hannun dattawan farko, shi kansa kuma an hana shi gyaruwa.

Abu mafi sauƙi da za ku iya haɗawa shi ne karatu. Bulus ya umurci Kolosiyawa cewa in sun karanta wasiƙarsa su sa a karanta ta a Lawudikiya, su kuma su karanta ta can (Kolosiyawa 4:16). Cocin Katolika ta fitar da jadawalin karatun Lahadi na zagayen shekara uku a 1969, shekara ɗaya ga Matiyu, ɗaya ga Markus, ɗaya ga Luka, Yahaya kuma yana shigowa musamman a lokacin Ista. A 1992 aka fitar da wani mai kama da shi wanda majami'u da yawa na Angilikan da Lutheran da Methodist da Presbyterian suke bi. Ba lallai ku ɗauki nasu ba. Ku zaɓi littafi ɗaya, ku raba shi mako-mako na wata uku, kowane mai wa'azi ya shirya nasa wa'azin a kan nassi guda. Amfanin biyu ne: mai wa'azi ba zai maƙale a kan ayoyi biyar da yake ƙauna ba, kuma masu wa'azin gundumar za su iya zama tare ran Talata ko Laraba su yi nazarin nassin, wanda ya yi karatu mai zurfi ya taimaki wanda bai samu dama ba. Abin da ba na goyon baya shi ne a ɗauki wa'azin babban fasto a riƙa haska shi a allo a duk rassa kowace Lahadi, yadda wasu manyan coci-coci suke yi yanzu. Zai iya zama wa'azi mai daɗi, amma mai yin sa bai san wadda ta binne ɗanta ran Alhamis tana zaune a layi na uku ba, kuma majami'ar da ta saba da kallo ba za ta haifi masu wa'azi na kanta ba.

Inda nake so in daɗe shi ne kai da kawowar mutane. 'Yan Methodist sun fi kowa ƙwarewa a wannan. Tun a 1746 John Wesley, jagoransu na farko, ya riga ya raba aikinsa a Ingila zuwa zagaye-zagaye, masu wa'azi suna bin ƙungiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Har yau a Birtaniya kowane zagaye yakan fitar da jadawali duk wata uku: sunayen majami'u a gefe ɗaya, ranakun Lahadi a sama, a kowane gurbi kuma sunan wanda zai yi wa'azi. Da yawa daga cikin sunayen nan ba na fastoci ba ne, na masu wa'azi ne da aka horar daga cikin jama'a, masu sana'o'insu. Takarda ce guda, amma tana hana babbar majami'a ta riƙe ƙwararru duka ita kaɗai.

Ka kwatanta ƙaramar majami'arku a ranka. Mutum goma sha biyar ne, rabi tsofaffi, dattijo ɗaya shi ke buɗe ƙofa, shi ke jagorancin waƙa, shi ke wa'azi, shi ke ƙirga baiko. Ya gaji, su ma sun haddace duk misalansa. Ranar da mai wa'azi daga babbar majami'a ya iso da mawaƙa uku, dattijon nan zai zauna a benci ya ji wa'azi kamar kowa, wataƙila karo na farko cikin watanni. Bayan an tashi baƙin za su ga rufin da ke yoyo da idonsu, su gaisa da matar da ba ta iya tafiya sai an riƙe ta. Da sun koma gida, majami'ar nan ta daina zama suna a rahoto. Amma kada tafiyar ta zama ta gefe ɗaya. Shi ma dattijon a sa sunansa a jadawalin babbar majami'a, ya hau bagadinsu, domin in kullum manya ne ke zuwa ƙanana suna karɓa, raini zai shiga ko ba a so.

Kai da kawowa tana da haɗarinta, kuma masu bi na farko sun san shi. Littafin nan na koyarwa da ake kira Didake, na ƙarshen ƙarni na ɗaya ko farkon na biyu, ya ce manzo mai yawo ya kwana ɗaya, in da bukata biyu. In ya kai uku, ko ya roƙi kuɗi, annabin ƙarya ne. Shi ya sa jadawali yake kare jama'a: wanda gunduma ba ta san shi ba ba ya hawa bagadi don kawai ya iya magana. Haka kuma batun membobin da suke ƙaura. Bulus ya rubuta wa Romawa yana gabatar da Fibi, mai hidima a ikilisiyar Kankiriya, yana roƙo su karɓe ta su taimake ta (Romawa 16:1-2). A nan ne gundumomi suka fi asarar mutane ba tare da sun sani ba. Yarinya ta tafi karatu, magidanci an canza masa wurin aiki, majami'ar da ya baro tana zaton ya shiga wata, wadda ke kusa da shi kuma ba ta san ya zo ba. Yau da waya a hannun kowa, babu hujjar da za ta hana fasto ya kira takwaransa a makon da mutum ya tashi, ya ba shi suna da unguwa, a je a gaishe shi kafin Lahadi.

Sai kuɗi, wanda ya fi komai saurin raba 'yan'uwa. Abin mamaki, ɗaya daga cikin wurare kaɗan da Sabon Alkawari ya ambaci ranar farko ta mako a rayuwar ikilisiya, zancen gudunmawa ne ga wata ikilisiya dabam. A 1 Korintiyawa 16:1-3 Bulus ya ce kowa ya riƙa keɓe wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, kamar yadda ya umurci ikilisiyoyin Galatiya, domin tsarkaka na Urushalima, su kuma zaɓi waɗanda suka amince da su su kai. A 2 Korintiyawa 8 ya ƙara bayani cewa manufar ba wai a sauƙaƙa wa wasu a matsa wa wasu ba ce, a samu daidaito ne, kuma akwai ɗan'uwan da ikilisiyoyi da kansu suka zaɓa ya raka kuɗin, don kada kowa ya sami abin zargi. In manzo bai yarda ya ɗauki kuɗi shi kaɗai ba, ban ga wanda ya fi ƙarfin wannan ƙa'ida ba. Mutum biyu da ba dangin juna ba su ƙirga baiko nan take bayan sujada, su rubuta, su sa hannu, ma'aji ya karɓa da rasit. Kason da ke zuwa gunduma kuma a faɗa wa jama'a inda ya tafi. Kukan da na fi ji daga ƙananan majami'u shi ne kuɗi yana hawa ba ya saukowa. Ko ba gaskiya ba ne, matuƙar ba a karanta musu lissafi ba haka za su ɗauka. Gunagunin farko a ikilisiyar Urushalima ma a kan rabo ya tashi, lokacin da aka riƙa tsallake gwaurayen masu jin Helenanci (Ayyukan Manzanni 6), kuma manzanni ba su ce a yi shiru ba, mutum bakwai aka zaɓa aka danƙa musu aikin.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. Yawancin tarurrukan tsakiyar mako suna mutuwa ne saboda ƙaramar Lahadi ce kawai: gini ɗaya, mutum ɗaya a gaba yana magana, sauran suna kallon ƙeyar juna. Wanda ya taso daga aiki a gajiye ya san in bai zo ba babu abin da zai ragu, babu kuma wanda zai lura. Ga kuma yawan taro. Ka ɗauki jadawalin makonku ka duba: mawaƙa, zumuntar mata, matasa, maza, nazari, addu'a, kwamiti. Sau da yawa mutum ashirin ɗin nan ne suke zagaya su duka, har gidajensu ba sa ganinsu da yamma. Mun manta cewa masu bi na ƙarnukan farko ko Lahadi ba su da hutu, sai a 321 ne Sarki Konstantin ya mai da ita ranar hutu. Pliny, wani gwamna a daular Roma, a wasiƙarsa ga Sarki Trajan wajen shekara ta 112, ya ce Kiristoci kan taru ne kafin gari ya waye. Sun tsara taro bisa rayuwar masu aiki. Ku rage tarurruka, ku bar aƙalla yammaci biyu a mako da babu komai a majami'a.

Abin da zai maye gurbin kuwa, Wesley ya same shi ba da shiri ba. A 1742 ƙungiyarsa a Bristol tana da bashin ginin da suke taruwa. Wani memba, Kyaftin Foy, ya ce kowa ya riƙa ba da peni ɗaya, wato ƙaramin kuɗin Ingila, a mako. Aka ce masa da yawa matalauta ne. Ya ce a haɗa shi da goma sha ɗaya daga cikin mafi talauci, zai riƙa bin su mako-mako, wanda ba shi da shi zai biya masa. Aka raba jama'a aji-aji na kusan mutum goma sha biyu. Masu bin gida-gida suka fara dawowa da labarin da ya fi kuɗin: wane ba shi da lafiya, wane ya koma shan giya, wane da matarsa ba sa magana. Wesley ya gane cewa abin da ya daɗe yana nema ke nan, daga baya kuma aka mai da shi zama na mako, kowane aji yana haɗuwa wuri ɗaya, shugaba yana tambayar kowa yadda ransa yake. Irin wannan ne Fasto Yonggi Cho ya kafa a birnin Seoul na Koriya ta Kudu daga 1964, ƙananan ƙungiyoyi a gidaje, mata ne kuma suka ɗauki yawancin jagorancin, cocinsa ta zama ɗaya daga cikin mafi girma a duniya.

Zaman bai bukaci ya wuce sa'a ɗaya ba. Mutum takwas ko goma a ɗakin wani, a karanta nassin da aka yi wa'azi a kai ran Lahadi, kowa ya faɗi abin da ya ji da inda ya kasa ganewa. Sannan a zagaya da tambaya: yaya makonka? Wani zai ce an rage masa albashi, wata za ta ce ɗanta ya daina zuwa makaranta, wata kuma ba za ta ce komai ba, shugabar da ta iya aikinta ta lura, ta raka ta bakin hanya bayan an tashi. A yi addu'a da suna. Kujerar da babu kowa a kai a tambaya wa zai leƙa mai ita kafin Asabar. Sharaɗi ɗaya ne ba ya karyewa: abin da aka faɗa a ɗakin ba ya zama hirar gari, in kuwa ya zama, ƙungiyar ta mutu a ranar. Shugabannin ma kada a sake su haka nan. Ƙungiyar gida da babu mai duba ta tana iya zama majami'ar mutum ɗaya, da koyarwarsa da baikonsa. Fasto ya riƙa zama da su a kai a kai, kuma duk wata uku shugabannin gundumar duka su haɗu, domin a nan ne za ka ji ainihin halin da majami'unku suke ciki.

A lokacin sanarwa kuma ku ware minti biyu ga majami'a ɗaya daga cikin sauran, ana juyawa mako-mako. Sakataren kowace majami'a ya aiko maka da layi uku kafin Juma'a: wa aka haifa, wa ya rasu, wa ke kwance, me ke damunsu. Kai kuma ka tura wa kowa. A ambaci sunan majami'ar da na fastonta a addu'ar jama'a, amma cutar mutum ko matsalar gidansa ba a karanta ta sai da yardarsa.

In kwamiti ya nace sai an sami ranar da kowa zai taru, kalanda ta riga ta ba ku. A kowace shekara akwai watanni huɗu, wani lokaci biyar, masu Lahadi biyar. Ku keɓe Lahadi ta biyar don sujadar haɗin gwiwa da Jibin Ubangiji, ana zagayawa da ita, har ƙaramar majami'a ta karɓi baƙi ko da a waje za a jera kujeru. Tun mako biyu kafin ranar a rubuta sunayen tsofaffi da marasa ƙarfi, a san motar da za ta ɗauki kowannensu, waɗanda ba za su iya tafiyar ba kuma a naɗa dattijon da zai tsaya ya yi sujada da su a majami'arsu.